Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa

Shafi na 19

Masu turo saƙo cewa shafin jiya ya yi gajarta, na gani. Ga na yau.

*

Saƙon ya fito a shafin Fesbuk na Alhaji Gwadabe ranar Litinin, ƙarfe uku saura kwata.

"Hanyar Dosara lafiya lau. Masu shanu ku fito da asuba, kasuwar Talata na jiranku."

Nusaiba ta karanta shi sau uku a tsaye. Sannan ta juya ta dubi mahaifinta, mai shafin.

Yana kwance a katifa, idonsa a rufin ɗaki. Tun ranar Asabar da ya faɗi a kara, kasuwar shanu, ɓarin jikinsa na dama bai motsa ba, bakinsa bai furta kalma ba. Hannun hagun ma rawa yake yi. Mutumin da ba ya iya riƙe cokali bai rubuta saƙo ba.

Shekara uku ke nan Alhaji Gwadabe, dillalin shanu a Talata Mafara, yana gaya wa 'yan kasuwar ƙauyukan Maradun da Bakura ko hanya tana biyuwa ko ba ta biyuwa. Yana da masu ba shi labari a ko'ina. In ya ce a fito, a fito. In ya ce a tsaya, a tsaya. Dokarsa ɗaya ce, tun da aka taɓa yaudarar mutane da kiran ƙarya: kada a yarda da wayar kowa, sai abin da aka gani a shafinsa na Fesbuk. Nusaiba ce ta buɗe masa shafin, a wani hutu da ta zo daga karatu.

Saƙonsa na ƙarshe ranar Juma'a ya rubuta shi: "An ga mutanen daji a mashigar rafi. Kada kowa ya motsa sai na ce."

Yayanta Barau kuwa yana Dosara tun Alhamis, shi da mutum shida da shanunsu, suna jiran a ce su taso. Bai ma san mahaifinsu ya faɗi ba.

Ta kira lambarsa. Wayar ta yi ƙara a ɗakinsa, cikin aljihun rigar da ya rataye. Ba a shiga daji da waya.

Ta rubuta a ƙarƙashin saƙon cewa ƙarya ne. Kafin minti biyu an goge, an kuma toshe ta daga shafin.

A Dosara mutum ɗaya ke karanta wa kowa labarin hanya, Anas mai kemis. Kullum ƙarfe biyar da rabi yake hawa dutse inda ake samun sabis, ya duba, ya sauko kafin magariba.

Yanzu huɗu da minti ashirin.

Wayar Alhaji tana hannunta, a kulle da kalmar sirri. Layin da aka buɗe shafin da shi ya ɓace tun bara. Ba wata ƙofa sai wannan wayar.

Ta gwada Gwadabe. Ta gwada Barau. Ta gwada sunanta, da Mafara, da sunan kakarta. Wayar ta ce ta jira minti ɗaya.

"Inna."

Inna tana zaune a gefen katifa tana ba shi koko da cokali. Rabi na shiga, rabi na gangarowa. Ba ta ɗago ba.

"Inna, kin san kalmar buɗe wayar nan?"

"Ni da ban iya boko ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Inna ta goge masa baki da gefen zane.

"Miƙo mani ruwan can."

"Wani ya shiga shafin Baba. Ya ce wa su Yaya Barau su fito da asuba. Kin san abin da ke mashigar rafi."

Cokalin ya tsaya.

"Wa yac ce su hito?"

"Shi nake nema. In ban goge saƙon ba kafin biyar da rabi, Anas zai karanta musu. Gobe su kora shanu su faɗa hannun mutanen daji."

"A aika wani bisa mashin."

"Ta wace hanya? Ita ce hanyar. Kuma ko ya isa, Baba ya ce kada su saurari kowa sai shafi."

Inna ta ajiye kofin a ƙasa. Ta dubi mijinta. Shi ma ita yake kallo.

"Kin sani," in ji Nusaiba. "Na ga fuskarki."

"Na sani."

"To faɗa."

"Ba ni iyawa."

"Kin manta?"

"Ban mance ba. Ba ni iyawa."

Nusaiba ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta dawo.

"Inna, don Allah. Wannan ba lokacin kawaici ba ne. Rantsuwa ya sa kika yi?"

"Bai sa ni rantsuwa ba. Cewa yay yi ya aje sirrinai inda ba shi hita. Nic ce ina? Yac ce bakinki."

"Ban gane ba."

"Suna ne."

"Na wa?"

Inna ta gyara wa mijinta matashi.

"Na Baba? Ai na gwada. Na surukinki ne? Kaka Mukhtar?"

"A'a."

"To wane suna ne ya rage da ba kya faɗa?"

Inna ta gyara ɗankwalinta, duk da bai zame ba.

"Ke da kinka yi karatu har ƙetaren ruwa. Ba ki taɓa tambayar kanki ba, mi yas sa nike kiran Barau da sunanai gatsal, gaban kowa? Kin taɓa jin mace a unguwar ga ta kira ɗanta na hwari?"

Nusaiba ta zauna a bakin katifa.

Tana da shekara sha ɗaya aka kai ta makarantar kwana. Daga can sai jami'a a wata ƙasa. Ta san sunan kowane ɓangare na kwamfuta. Ba ta taɓa tsayawa ta saurari sunan yayanta ba. Barau. Sunan da ake sa wa ɗan da aka haifa bayan an rasa na gabansa, a roƙi Allah Ya bar shi.

"Akwai wani kafin Yaya."

"Akwai."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa za shi gaya maki? Ni ba ni hwaɗi, babanki ba shi so a tada. A Dakko anka haihe shi, gidan tsohuwata. Can anka bisne shi."

Huɗu da minti talatin da biyar.

Nusaiba ta durƙusa a gabanta.

"Allah Ya jiƙansa. Inna, ya rasu. Ba zai ji ba. Yaya Barau kuwa yana da rai."

"Shekara talatin da huɗu sunan ga bai hito bakina ba."

"Yau ya fito."

"Ke!"

"To rubuta."

"Da mi? Ajamin ma na mance."

"To nuna mini hanya. Kamar yadda kike yi in za ki ambaci mai sunan Baba."

Inna ta dubi tafin hannunta.

"Annabi Ibrahima na da ɗiya maza biyu."

"Isma'ila."

"Ba shi ba. Ƙanen."

Nusaiba ta ɗauki wayar ta rubuta Ishaq.

Ba daidai ba. A jira minti biyar.

Ta dafe kai.

"Bai buɗe ba?"

"Bai buɗe ba."

"Wallahi shi ne. Ni zan mance sunan?"

"Sunan ne. Rubutun ne ba shi ba."

Ta fara ƙirgawa da yatsu. Ishaq. Ishaka. Isiyaku. Isyaku. Isiyaka. Isaka. Suna ɗaya, kowane gari da yadda yake rubuta shi, kowane malamin firamare da nasa. Inna ta kawar da kai da jin sunan yana zagaya ɗakin, ta ɗauki kofin kokon ta sake ajiyewa.

"Yaya kuke kiransa? Na Kano ko na nan?"

"Ba mu kira shi ba. Bai daɗe ba."

Sai Nusaiba ta tuna ranar da ta buɗe shafin. Suna zaure, yana shan shayi. Ta ce masa: Baba, ka zaɓi kalmar da ba wanda ya sani, ni ma kada ka gaya mini. Ka fara da babban harafi, ka sa lamba. Ya yi dariya ya ce an gama, ya juya mata baya ya rubuta da yatsa ɗaya.

"Akwai lamba a ciki. Inna, wace shekara aka haife shi?"

"Babanki ba shi riƙe shekaru."

"To wace lamba zai riƙe?"

Inna ba ta yi jinkiri ba.

"Sha ɗaya."

"Sha ɗayan me?"

"Kwanan da yay yi a duniya. Anka yi suna ran bakwai. Ran sha ɗaya da hantsi anka ɗauke shi."

Minti biyar ɗin ya cika. Nusaiba ta zaɓi wanda ta fi ji a bakin mutanen gari, ta rubuta Isiyaku11.

Ba daidai ba. A jira minti goma sha biyar.

Biyar saura minti sha uku. Ta san abin da ke gaba. In ta sake kuskure, wayar za ta kulle awa guda. Anas zai hau dutse ya sauko ba ta buɗe ba.

Ta fita tsakar gida. Ta zagaya turmi, ta kai bakin rijiya, ta dawo. Ta sake duba shafin da wayar Inna, wadda ba a toshe ba. Saƙon na nan. Mutum arba'in da biyu sun danna masa alamar yabo. Wani daga Gidan Goga ya rubuta, "Alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa Alhaji."

Ta koma ɗaki.

"Na ce masa ya ƙara alama. Tauraro ko wani abu. Baba ba zai riƙe duk wannan a ka ba. Rubutawa zai yi."

"Ke kinka hana shi rubutawa. Na ji ki."

"Ya taɓa jin maganata duka? Ina yake ajiye abin da ba ya so ya manta?"

Inna ta ɗan taɓe baki.

"Hula. Lambar motar Legas, hula. Sunan magani, hula. Ranar da anka haihe ki ma cikin hula yar rubuta."

Hulunansa biyar ne a kan akwati. Nusaiba ta kifar da su ɗaya bayan ɗaya. Lambobin waya. Sunan wani direba. Ba abin da take nema.

"Wadda ya faɗi da ita fa? Mai ruwan toka?"

"Ga ta can bisa ƙusa. Jiya anka maido ta. Ta hwaɗi a kara ran Asabar, cikin ruɗani ba wanda yat tuna da ita."

Nusaiba ta sauko da ita ta juya cikinta.

Yana nan, da shuɗin biro, a ƙarƙashin ninkin baki. Babban harafin I, sai s. Tsakiyar gumi ya cinye ta, tabo kawai ya rage. A ƙarshe: ka*11.

"Wa ya maido da ita?"

"Balarabe. A wurinai ta kwana."

"Baba Balarabe?"

"Shi yat tsince ta. Mi kike kallona haka?"

Kafin ta amsa, sallama ta taso daga zaure. Murya mai kauri, sananniya.

"Salamu alaikum. Masu gida na ciki?"

Inna ta ja mayafi ta fita tarbarsa.

Balarabe mahauci ne, aminin Alhaji tun suna samari. Shi ya ɗauko shi daga kara ranar Asabar. Kullum da yamma yana zuwa dubiya, kuma ba ya zuwa hannu sake.

Nusaiba ta dubi wayar. Saura minti huɗu.

Ta matsa kusa da mahaifinta, ta kama hannunsa na hagu, ta kai bakinta kunnensa.

"Baba, in na faɗi daidai ka matse. Ishaka."

Shiru.

"Isaka."

Shiru.

"Isiyaka."

Yatsun suka motsa, suka kama nata.

"Harafi bakwai? Da i bayan s?"

Suka sake matsewa. Idonsa ya kawo ruwa. Ba ta tsaya kallo ba, ta tura hular ƙarƙashin matashi, ta rufe wayar da gyale.

Balarabe ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya miƙa wa Inna leda, hanta ce da ƙoda, ya ce a yi wa mai jiki farfesu. Ya zauna a tabarma. Nusaiba ta durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ya kwanan nai?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya ci wani abu?"

"Ya sha koko."

"Madalla. Ya haƙuri?"

"Sai godiya."

"Ya zaman gida? Kin saba da zahinmu ko har yanzu kina kewar sanyin Turawa?"

"Na saba, Baba."

"Halan dai yanzu kin iya tuwo. Da kinka dawo an ce ko tahwasa ruwa sai kin diba waya."

Ya yi dariya. Dariyar ba ta yi tsawo ba. Nusaiba ta lura ya rame. Idonsa ja, kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

Ya juya ga Inna ya sake gaisuwar daga farko. Ya juya ga Alhaji.

"Gwadabe, tashi mana. Kara ba daɗi ba ka nan. Wa za ni zagi?"

Alhaji ya zuba masa ido, bai ƙifta ba.

Nusaiba ta ja baya ta jingina da bango. A ƙarƙashin gyale, lokacin jiran ya ƙare. Biyar da minti huɗu.

Gwaji ɗaya.

Ta rubuta a hankali, harafi bayan harafi. Isiyaka*11.

Wayar ta buɗe.

"Wayar Gwadabe ce wagga?" in ji Balarabe.

"I, Baba. Caji nake dubawa."

"Ai a kulle take."

"A kulle take."

Ya ci gaba da ba Inna labarin wani mai maganin shanyewar jiki a Bakura.

Ta shiga shafin. Wanda ya sace shi bai canza kalmar ba, ya ɗauka mai shi ba zai sake tashi ba. Ta buɗe jerin wayoyin da ke ciki. Biyu ne. Ta Alhaji, da wata. A ƙarƙashin ta biyun an rubuta: Talata Mafara, minti tara da suka wuce.

Aka nemi tsohuwar kalma kafin a canza. Ta sa sunan. Ya shiga. Ta je imel, ta sa sunan. Ya shiga. Kalma ɗaya ya sa wa ƙofa uku, kuma ya rubuta ta a cikin hula. Ta cije leɓe.

Ta ƙirƙiri sabuwa. Ba suna, ba gari, ba shekara, ba abin da wani zai tuna da ita ko da gidansu. Kalmomi biyar da ba abin da ya haɗa su, a jere. Ta yi wa imel wasu biyar daban. Ta adana su a ma'ajiyar kalmomin sirri ta wayarta, wadda ba ta buɗuwa sai da yatsanta. Ta kunna makulli na biyu, wanda ba a shiga sai da lambar da za a turo. Sannan ta danna inda aka ce a fitar da duk sauran wayoyi.

Ta goge saƙon ƙaryar.

Biyar da minti ashirin da ɗaya.

Ta fara rubuta gargaɗi. Ta goge, ta sake.

Balarabe ya katse labarinsa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro waya. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya ƙanƙance ido. Ya danna da yatsa ɗaya. Ya tsaya. Ya sake dannawa, a hankali, bakinsa yana motsi da haruffan.

Nusaiba tana kallon bakin. Is. Ya. Ka.

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ya danna wani wuri.

A ƙarƙashin gyalenta wayar Alhaji ta yi ƙara. Saƙo ya shigo imel: wani ya ce ya manta kalmar sirri, ga lambar sake shiga.

Ana jin akuya tana tauna a tsakar gida.

Balarabe ya ɗago. Bai yi kamar bai gane ba.

"Kin buɗe ta ke nan."

"Na buɗe."

"Lambobi shida ne. Karanto mani."

Inna ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Lambar mi? Nusaiba, mi ke nan?"

"Tambaye shi, Inna. Hular a wurinsa ta kwana."

"Hula ba ta isa ba," in ji Inna a hankali. "Kin ce tsakiyar ta goge. Sai wanda yas san sunan."

Ta juya gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Malam Balarabe. Kai kay yanka ragon sunan."

"Ni niy yanka."

"Kai kad ɗauki gawar zuwa maƙabarta, a hannunka, cikin tabarma."

"Ni ne, Hajiya."

"Shi ne ka ɗauki sunan ga ka buɗe wa ɓarayi hanya? Barau na can! Barau da kaka..." Ta tsaya. "Barau da kaka goyawa bisa kahwaɗa kana kai shi kara?"

Balarabe ya ajiye wayarsa a tabarma. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Lailatu na hannunsu."



Lailatu autarsa ce. Tare suka yi makarantar allo da Nusaiba. Bara aka yi bikinta a Bakura.

"Ran Laraba," ya ce. "Ta tai Dakko gaisuwar mutuwa, a hanyar dawowa sunka tare motar. Ban gaya ma kowa ba, sun ce in na hwaɗi ba ni sake ganinta. Sun san ni aminin Gwadabe ne. Sunka ce in sa shi ya buɗe hanya ran Talata, su maido mani ɗiya."

"Ka gaya wa Baba?" in ji Nusaiba.

"Ran Asabar, a kara. Na roƙe shi. Yac ce ba shi yi. Yac ce mu tai a nemi wata dabara. Muna cikin maganar ga yah hwaɗi."

Nusaiba ta dubi mahaifinta. Hannun hagun yana rawa a kan zane, da ƙarfi fiye da ɗazu.

"Sun ce shanu kaɗai suke so," in ji Balarabe. "Sun ce ba su taɓa mutane."

"Ka yarda?"

"Ban yarda ba."

"To?"

"To ɗiyata ce! Tana da ciki, wata shida. Mi kike so in yi? Ke gaya mani, ke da kinka yi karatu."

"Mutum bakwai ne a Dosara, Baba. Ban da na Gidan Goga."

"Na san su duka. Na san uwayensu. Kina zaton barci nike?"

Ya matso a kan gwiwa. Tsoho ne, sa'an mahaifinta, gemunsa fari. Bai taɓa durƙusa mata ba.

"Ɗiyata. Ba sai kin rubuta komi ba. Ba hannunki ciki. Ki karanto lambar ga kawai, ni in ɗauki zunubin."

Biyar da minti ashirin da tara.

Wayar Alhaji ta sake ƙara. Ba imel ba ne. A ƙarƙashin saƙon ranar Juma'a, wanda yanzu shi ne na sama, an yi sabon rubutu. Anas mai kemis.

"Alhaji muna saman dutse. An ce mana ɗazu ka buɗe hanya amma ba mu ga saƙon ba. Barau na gefena. Mu fito ko mu tsaya? Caji ya kusa ƙarewa."

Ta karanta da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Ce masu su hito," in ji Balarabe. "Don girman Allah. Don zumuncin da ke tsakanina da ubanki. Nusaiba, Lailatu ce hwa. Tare kunka taso."

"Na sani."

"To?"

Ta dubi Inna.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ledar hantar har yanzu a hannunta. Ta ajiye ta a gabansa, a kan tabarma.

"Malam Balarabe, Allah Shi hidda Lailatu. Abin da muke da shi duka naka ne, a nemo ta. Amma na bisne ɗaya ban ko kira sunanai ba. Ba ni ba da na biyu."

Nusaiba ta goge dogon gargaɗin da ta fara. Ta rubuta gajere.

"Ku tsaya. Kada kowa ya fito, Dosara ko Gidan Goga. Ni ce Nusaiba 'yar Gwadabe. Baba na kwance tun Asabar, ba shi ya rubuta saƙon ɗazu ba. Hanya ba ta biyuwa."

Yatsanta ya tsaya a kan wurin turawa.

"Ɗiyata," in ji Balarabe.

Ta tura.

Da'irar ta yi ta juyawa. Sabis ya sauka, ya hau. Saƙon ya fito.

Minti ɗaya. Biyu.

"Mun gani. Mun tsaya. Barau ya ce mi ya samu Baba?"

Nusaiba ta kifa wayar a cinyarta. Hannun Alhaji ya daina rawa.

Balarabe ya zauna daɓas. Bai zage ta ba. Bai dube ta ba. Ya mayar da hularsa, ta karkace, bai gyara ba.

"Mutanen dajin ma suna karanta shafin," ya ce.

Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika.

Sai wayarsa ta ɗauki ƙara a kan tabarma, kusa da ledar hanta. Tana rawa, tana matsowa kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya miƙa hannu.

Daga inda take zaune Nusaiba tana iya karanta sunan mai kiran.

Lailatu.